Zare biyu a kan Lua ɗaya: in sa kwaɗo ko in sake gini?

Ɗan Jidda: Salamu alaikum. Manhajata da harshen C na rubuta ta, da harshen Lua 5.4 a ciki, tana karɓar saƙon na'urorin buɗe ƙofa na wani otal. Na ware zare na biyu (thread, wato aikin da ke gudana a gefe) yana karanta soket (mashigar saƙo), saƙo na isowa ya kira Lua kai tsaye. Sai ta yi kwana biyu lafiya ta faɗi. Saura sati biyu in miƙa aiki. In sa mutex (kwaɗon da ke hana zare biyu shiga lokaci guda), ko in koma coroutine (ayyuka su riƙa karɓa-karɓa a zare ɗaya)?

Abu Maryam: Koma Python ka huta, ƙanena.

Ɗan Jidda: Yaya, na'urar ba za ta ɗauki Python ba.

Tsohon Misfala: Wannan ciwon na san shi. lua_State ɗaya, wato injin Lua da ke cikin manhajarka, ba ya jure zare biyu lokaci guda. Ni ma mutex na sa, na manta kira ɗaya tak. A ofis manhajar ko tari ba ta yi ba. Daren 27 ga Ramadan, otal ya cika maƙil, ta kife, baƙi suka dawo daga Harami ƙofa ta ƙi buɗuwa. Mai kamfanin ya riƙe min albashin wata biyu. Har yau.

Hajiyar Riyad: Zaren soket ya riƙa zuba saƙo a layi, zaren Lua kaɗai ya ɗiba, kwaɗon a kan layin kawai. Ko zare ɗaya da settimeout(0) a LuaSocket don kada ya tsaya jiran saƙo, amma select, mai sa ido kan soket, ba ya wuce soket 1024 a Linux.

Abu Maryam: Na taɓa ba wani yaro riyal 800 ya gyara irin wannan.

Tsohon Misfala: 800? Ƙasa da 3,000 babu mai taɓa maka shi. Kai da shafuka kawai kake haɗawa, yaushe ka buɗe gdb, manhajar farautar kuskure?

Abu Maryam: Malam, wanda tasa ta kife ne zai koya mana?

Ɗan Mai Wurno: Lua fa wata ke nan da harshen Fotugal. Sai an gan ta ake yarda 😂

Hajiyar Riyad: Malam, kuɗin nan ka kai ƙara ofishin ƙwadago kuwa?

Tsohon Misfala: Hajiya, iƙamata, takardar izinin zamana, a hannunsa take a lokacin. Da wane baki?

Ɗan Mai Wurno: Ni wata uku nake bin nawa, kullum bukra, wato sai gobe.

Ɗan Jidda: Jama'a, layin da Hajiya ta ce, wa zai tashi zaren Lua in saƙo ya shigo?