Muhawara: Shin dole ne a sa kowane aiki cikin try da catch a PHP?

Ɗan Tsafe: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ra'ayina shi ne, duk mai rubuta manhajar intanet da yaren PHP ya sa kowane aiki cikin try da catch, wato tsarin da ke gwada aiki ya cafke tangarɗa (exception) idan ta taso, ba tare da ware ko ɗaya ba. Mahaifin da yake biyan kuɗin makarantar ɗansa ta waya bai kamata ya ga dogon saƙon kuskure mai ɗauke da sunan fayil da lambar layi ba, domin hakan yana razana shi, kuma yana nuna wa masu kutse yadda aka tsara manhajar.

'Yar Gusau: Wa alaikumus salam, ƙanena. Matsalar da ka ambata gaskiya ce, amma saƙon yana fitowa ne saboda an bar display_errors, saitin nuna kurakurai a shafi, a kunne. A kashe shi a php.ini, fayil ɗin saitin PHP, a kunna log_errors, shi ke nan mahaifin ba zai ga komai ba, kai kuma za ka samu bayanin a fayil. Abin da nake tsoro a shawararka shi ne catch ɗin da ake bari babu komai a cikinsa. A ce biyan kuɗin yana buƙatar rubutu biyu a rumbun bayanai, na farko ya ajiye rasit, na biyu ya rage bashin ɗalibi. Idan na biyun ya gaza, kai kuma ka cafke tangarɗar ka yi shiru, shafin zai ce an biya, mahaifi yana riƙe da rasit, littafin makaranta kuma yana cewa ana bin sa bashi, kuma babu wanda zai san ranar da abin ya lalace. Wurin catch a nan guda ɗaya ne: a buɗe da beginTransaction domin rubutun biyu su zama aiki ɗaya, idan aka samu tangarɗa a kira rollBack domin a soke rubutun duka, sannan a sake tayar da ita ta wuce sama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Malam Na-Gummi: Hajiya ta yi gaskiya, kuma ina da ƙari. Tun PHP 7 na shekarar 2015 aka raba tangarɗa gida biyu, Exception da Error, dukansu a ƙarƙashin Throwable. Wanda ya rubuta catch yana jiran Exception kaɗai, TypeError, wanda dangin Error ne, zai wuce shi. Haka nan a PHP 8, idan kana lissafin matsakaicin makin aji aka tarar ajin babu ɗalibi, raba lamba da sifiri zai tayar da DivisionByZeroError, wanda shi ma dangin Error ne. Maimakon catch a kowane lungu, a yi amfani da set_exception_handler sau ɗaya, ya rubuta duk abin da ya kuɓuce, ya nuna wa mutum saƙo mai ladabi.

Ɗan Tsafe: Malam, na ji, amma ban sauka daga matsayina gaba ɗaya ba. Saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, takan kasa samun amsa daga kamfanin karɓar kuɗi, kuma ba na jin ya dace a bar wannan har ya kai ga shafin ban haƙuri na gama-gari.

'Yar Gusau: A nan ina tare da kai, domin akwai abin da za ka iya yi: ka ajiye biyan a matsayin wanda ake jiran tabbacinsa, ka sake tambayar kamfanin da lambar shaidar biyan, tunda rashin amsa ba ya nufin ba a cire kuɗin mahaifin ba. Sai dai ka lura, curl_exec, wanda ke aika tambayar ga kamfanin, ba ya tayar da tangarɗa idan haɗin ya yanke; false yake mayarwa, don haka try ɗinka ba zai ga komai ba sai ka duba da kanka. Shi ma json_decode, mai fassara amsar kamfanin, null yake bayarwa idan amsar ta zo a gurguje, sai fa in ka sa masa JSON_THROW_ON_ERROR, wanda ya zo a PHP 7.3.

Malam Na-Gummi: Ɗan Tsafe, duba mana sigar PHP da ke kan sabar taka. A cikin hanyoyin magana da rumbun bayanai, PDO sai a 8.0 ya fara tayar da tangarɗa kan rubutun da ya gaza ba tare da an umarce shi ba, mysqli kuma sai a 8.1. Idan taka ta girme su, kuma ba ka kunna ERRMODE_EXCEPTION na PDO ba, rubutun da ya gaza ba zai ma kai ga catch ɗin da Hajiya ta ce a sa rollBack a ciki ba.