Yagi ko Moxon don gasar CQ WW daga Garwa?

Sani, Garwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina shirin shiga gasar CQ WW ta murya, wato gasar tuntuɓar juna ta masu rediyon sha'awa na duniya, a ƙarshen Oktoba, kan zangon mita 20 kawai. Yanzu waya ce miƙe nake da ita tsakanin itatuwan dalbejiya biyu. Ina son eriya mai fuskantar gefe guda, amma gidanmu ba fili, injin juya eriya kuma ya fi ƙarfin aljihuna. In ƙera Yagi mai sanda uku a jere ne ko Moxon, eriyar nan mai siffar kusurwa huɗu? A taimaka da shawara.

Malam Buba, Marwa:
Wa'alaikumus salam ɗana. Kafin ka sayi bututu ko ɗaya, ɗauko taswira. Daga Garwa, Turai tana arewa, Amurka arewa maso yamma, Japan arewa maso gabas. A wannan gasa duk wanda ka samu a wata nahiya maki 3 ne, Bajamushe da Ba'amurke ɗaya suke. Kamaru tana yanki na 36 a rabon yankunan gasar, masu kira da TJ, wato alamar kiran Kamaru, kuma ba su da yawa, don haka kai za a yi wa rububi. Abin da kake bukata eriya ce mai faɗin baki, wato mai watsa ƙarfinta a faɗaɗe, wadda za ta kwashi Turai da gabashin Amurka ba tare da ka taɓa ta ba. Moxon ke nan. Faɗinta kamar mita 7 da rabi, Yagi kuwa sandarta mafi tsawo ta haura mita 10. Kuma Moxon tana karɓar kebul mai om 50 kai tsaye.

Usman, Injamena:
Malam, a gafarce ni, amma Yagi mai sanda uku ta fi Moxon ƙarfin turawa da kusan desibel 1 zuwa 2. In hanyar Amurka ta fara rufewa, wannan ɗan bambancin na iya sa a ji ka.

Malam Buba:
Gaskiya ne Usman, sai dai ba a banza ake samunsa ba. A Yagi abu uku ke ja-in-ja: ƙarfin turawa gaba, toshe abin da ke zuwa ta baya, da faɗin mitar da SWR, wato ma'aunin wutar da eriya ke mayar wa rediyo, ke zama ƙasa. Ka matsa wa na farko, biyun su sha wuya. Za ka daidaita ta a megahaz 14.200 ta yi kyau, ka hau 14.320 rediyo ya fara rage wuta da kansa. Bakinta kuma ya fi tsukewa, dole a riƙa juyawa. Wa zai fita tsakar dare yana jan igiya ana jiransa a mita?

Hajiya Asabe, Ngaundere:
Duk kun bar maganar tsayi. Ƙanena, eriyar mita 20 da ke mita 6 daga ƙasa yawancin ƙarfinta sama yake tafiya. A mita 10, wato rabin zangon mita 20, yana fita a kusan digiri 30 daga shimfiɗar ƙasa. Ƙarin tsayi zai ba ka abin da sanda ta uku ba za ta ba ka ba, kuma Moxon ta waya da sandunan kamun kifi mutum biyu sun isa ɗaga ta. Ka tuna da guguwar farkon damina ma, bututun alminiyam a saman siririn turke ba ya kai labari.

Usman:
Wannan na yarda da shi. Sannan Moxon ta iya toshe baya, ƙarar tsawar da ke tasowa daga kudu za ta ragu a kunnenka. Ƙurar hunturu kuma tana tara lantarki a waya, ka yi mata hanyar sauka ƙasa kafin ta ci maka rediyo.

Sani:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Moxon zan ƙera. Yaya Asabe, waya mai roba ko tsirara?

Hajiya Asabe:
Kowacce ta yi, amma mai roba tana bukatar ragi kaɗan a tsawo. Ka auna tazarar da ke tsakanin bakin wayoyin biyu da kyau, ita ke riƙe da toshewar baya. Ka gwada SWR bayan ta hau sama, na ƙasa yaudara ne.