Ina Marken Ƙofar Marke?

Ɗan Ƙofar Marke:
Assalamu alaikum. Hukuma ta yi shelar tana son jin ra'ayin jama'a kan gyaran wuraren shaƙatawa da dashen itatuwa cikin Sakkwato. Na je zaman farko, anka ba mu takarda mu cika, amma abin da ke raina bai shiga layukanta ba. Ga shi a waƙe.

Da sunan Allah za ni fara batuna,
Shi yay yi rana, Shi ka ba mu inuwa.
An ce mu zo mu faɗi abin da muke so,
Ni dai buƙatata guda ce, inuwa.
Ƙofarmu Marke, to ina marken yake?
Ku je Rijiyar Ɗorawa, ina ɗorawa?
Ƙofar Taramniya da Ƙofar Kaɗe da Gawon Nama,
Suna kawai ya rage wurin tunawa.

'Yar Mabera:
Yaya, ka je taro kana ƙirgan suna,
Suna ba shi hana rana ƙonawa.
Bara anka jera dashe a bakin layinmu,
Anka yi hoto, kowa yay yi wucewa.
Watan Afrilu da zafi ya haura 40,
Ba wanda yaz zo da bokitin zubawa.
Abin da ƙishi ya bari awaki sun ƙarasa,
Ramu kaɗai ka saura wurin dubawa.
Ka roƙi mai ban ruwa da albashinai,
Sannan ka zo mu yi zancen ɗorawa.

Na Gidan Igwai:
Allah shi ƙara basira, Hajiya! Kin gama magana. Mutanen cikin gari kullum sai labarin kakanni.

Malam Na Kanwuri:
Ɗana na Ƙofar Marke, ma'anarka ta ratsa ni, amma ka rufe baiti biyu a jere da "inuwa". Maimaita kalmar ƙafiya kusa da kusa aibi ne wurin masana aruli, wato ilimin ma'aunin waƙa. Ɗangon, wato layin, ƙofofin nan kuma ya yi kaya fiye da jakinsa, na rera shi sau uku numfashi bai kai ba.

Ɗan Ƙofar Marke:
Allah shi gafarta Malam, da gangan na maimaita, don ita na je nema. Ke kuma:

Ƙanwata, ke ce ka kukan ban ruwa?
Mabera da damina ke hana ku fitowa?
Kun cika kwalbati da leda da shara,
Filin wasan yara kuna ta ginewa.
Tun 1809 da Bello ya kafa birnin nan,
Muna ciki, ba jiya munka yi sauka ba.

Na Gidan Igwai:
Ƙafiya ta tsere! Daga "wa" ya faɗa "ba". Malam, a duba.

'Yar Mabera:
Tarihinka na girmama shi, Yaya,
Hubbaren Shehu mu ma muna zuwa.
Amma lungunku ko kura ba ta ratsawa,
Bisa soro za ka dasa marken kuwa?
Ruwan da ka yi mana gori shi ne hujjata,
Fili da ciyawa shi ka shanye ambaliya, ba siminti ba kuwa.
Kuma in an gyara wurin a ware na mata,
Da famfo da fitila, da wurin zaunawa.
Uwa ta kai ɗiyanta su sha iska,
Ba zaman majalisar maza ana kallon kowa.

Jikan Marina:
Ita ma ɗangon siminti ya yi tsawon titin Kano, kuma "kuwa" sau biyu. Me ya sa ba wanda ya tanka? Ko gyaran na 'yan cikin gari ne kaɗai?

Malam Na Kanwuri:
Na gani, ɗiyata ma ta karya kari. Amma ku duka kuna haɗa ma'aunin Larabci da na makaɗan baka. Wanda ya ɗauki ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu, ya riƙe ƙafafunsa daidai tun daga farko.

Na Gidan Igwai:
Malam, kunne ke auna waƙa. In ta reru ta yi.

Jikan Marina:
Ɗazu kai ne kake kiran a duba ƙafiya.

Na Gidan Igwai:
Ƙafiya daban, kari daban.

Mai Lambu Bakin Rima:
Kwana biyu ina fadama wurin albasa, yanzu na karanta. Ban san aruli ba, Malam ya yi haƙuri. Shekaruna da yawa ina rainon dashe, ga abin da hannuna ya sani.

Ku dasa a Yuli in damina ta zauna,
Saiwa ta kama ƙasa kafin bushewa.
Ku kewaye shi da ƙaya ko kwandon waya,
Akuya ta leƙa ta juya ba taɓawa.
Rani biyu za a yi ana ba shi ruwa,
Na uku da kansa yake nemowa.
Dogon yaro ya san zafin garin nan,
Amma kar shi kaɗai ake ta dasawa.
Gawo shi ka zubar da ganye da damina,
Da rani ya yi kore, lokacin da ake neman fakewa.
A sa tsamiya, a sa marke, a sa giginya,
Tunda filin wasanmu sunanta aka sa wa.

Ɗan Ƙofar Marke:
Baba, na ji marke a bakinka, hankalina ya kwanta. Zama na gaba mu tafi tare, in ɗauke ka a babur. Ƙanwata, ki rubuto zancen mai ban ruwa da wurin mata, zan sa su sama da nawa a takardar.

'Yar Mabera:
Da ƙafata zan je in faɗa, Yaya. Ka dai tanadi amsar ɗangon soro.

Malam Na Kanwuri:
Mai Lambu, baitin gawo ya zarce da gaɓa huɗu ko biyar. Ka ce "Da rani ya ba ka wurin fakewa", sai ya zauna. In za ku wuce ku biyo ta Kanwuri, ni ma ina da magana kan tsamiya.