Ina jin kiran zama Sista, amma ni ce babba a gidanmu

'Yar Fari: Ɗaukaka ga Yesu. Shekarata 23, na gama NCE, ina koyarwa a firamare. Tun ina sakandare kiran zama Sista, wato macen da ta ba da ranta ga hidimar Allah ba aure, ke cikin zuciyata, duk sanda na durƙusa bayan Misa, sujadarmu ta Katolika, sai ya dawo. Babanmu ya rasu, albashina ke biyan makarantar ƙannena biyu. Da na gaya wa Mama ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da tsince wake tana share ido da bakin zani. In tafi bana, ko in jira shekara biyu ƙanena ya gama?

Maman Biyu: Girma ga Maryamu! Sistocin St Louis za ki nema, tun 1948 suke Kano. Ko na Dominican a Gusau. Amma ki fara gama sakandare tukuna.

'Yar Fari: Mama, na ce ina da NCE.

Baba Katikis: 'Yata, ba yau a shiga gobe a ɗaure ba ne. Da farko za ki zauna da su, su ga halinki, ki ga nasu. Sai nobishiyet, wato lokacin horo, dokar Ikilisiya ta ce bai gaza wata 12 ba, bai wuce shekara biyu ba. Daga nan alkawarin wucin gadi, shekara uku zuwa shida, kafin na har abada: talauci, kamewa, biyayya. Ƙofa a buɗe take duk tsawon wannan lokaci. Ki samu Fada, limamin cocinku.

Wadda Ta Dawo: Baba, ƙofar a buɗe take, amma ka tambayi wadda ta bi ta cikinta. Shekara huɗu na yi. Awaki biyu mahaifiyata ta sayar aka haɗa mini kaya. Da ciwo ya kwantar da ita na roƙi izini, aka ba ni kwana uku. Na koma ranar Alhamis, ta cika ranar Lahadi, ina wanke tukwane aka kira ni. Da lokacin sabunta alkawari ya zo na kasa buɗe baki. Na dawo da jaka ɗaya, ba sana'a, ba sisi. Benci guda matan cocinmu suka bar mini ni kaɗai. Ƙanwata, ranar da kika yi alkawari albashinki ya zama na jama'ar gidan, ba naki ba. Ki tambaye su ƙarara abin da za a yi wa ƙannenki.

Maman Biyu: Allah sarki. Nawa kayan suka ci?

Wadda Ta Dawo: Wajen dubu 80 a lokacin.

Anti Nas: Tab! 'Yar yayata bara ta kashe sama da dubu 250, har da gwajin asibiti.

Malamar Sande Sukul: Ƙanwata kuɗin mota kawai ta biya, ko bokiti can aka ba ta. Shekararta 11 a ciki yanzu, kuma da Baba ya yi jinya wata guda ta yi a gida. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ni dai ban ga dalilin ɗaukar shawarar wadda ta fita ba.

Wadda Ta Dawo: Ke kin taɓa kwana ɗaya a ciki?

Baba Katikis: Ku bar ta ta faɗa, ta ɗanɗana abin da mu ba mu ɗanɗana ba.

Ɗan Mawaƙa: Don Allah a tausaya mana, masu zaƙin murya biyu sun riga sun tafi. In wannan ma ta bi su, mu da ganga kaɗai za mu yi Kirsimeti 😂

Anti Nas: Kai, ana maganar rayuwar mutum!

Maman Biyu: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, 'ya'yanmu na ƙauye ke ba da ransu, amma makarantun mishan ɗin ɗan manomi ba ya iya shiga. Na kai 'yata, da na ji kuɗin zango ɗaya ko zama ban yi ba.

Malamar Sande Sukul: To da me za su biya malamai da dizal?

Maman Biyu: Da me Fadannin zamanin da suka biya? Kakana da damin dawa ya sa babana a makaranta.

'Yar Fari: Anti da ta dawo, in na jira shekara biyun, ina 25 za su karɓe ni?

Anti Nas: Maman Biyu, wace shekara kika kai ta? Don an ƙara kuɗin kuma.