Ƴan wasan jami'a a Amurka suna samun kuɗi kuwa?

Dan_Kwando:
Jama'a wai da gaske yanzu ɗalibi ɗan wasa a Amurka zai iya karɓar kuɗin talla da sunansa da hotonsa?

Maman_Twins:
Gaskiya ne, tun 1 ga Yuli 2021 NCAA, ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'i a Amurka, ta janye haramcin. Kalifoniya ce ta fara yin doka a 2019.

Mai_Nazari:
Ai tun 2009 Ed O'Bannon, tsohon ɗan wasan kwando na jami'ar UCLA, ya kai ƙara don ya ga kamanninsa a gem ɗin bidiyo ba a bashi ko sisi ba, makarantu na kwasar miliyoyi a talabijin yaro na karya ƙafa a fili, wallahi zalunci ne.

Maman_Twins:
Ni damuwata ƴan ninƙaya da masu gudu, malam. Kamfanoni taurarin kwando da futbol ɗin Amurka suka fi bi.