Neman shawara: in koma ƙaramar laima in fara saukar gudu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na haura tsalle 200 daga jirgin sama da laimar sauka (parachute), lasisin C gare ni, wato mataki na uku a lasisin masu tsalle. Laimata mai murabba'in ƙafa 170 ce, nauyina da kaya gaba ɗaya fam 200. Saukar gudu nake sha'awa, irin wadda ake karkato laima ta sulo ƙasa, mutum ya yi ta shafar ciyawa kafin ya tsaya. Wani zai sayar min da mai murabba'in ƙafa 135, ya ce tawa ta yi nauyin jiki. In karɓa?

Wata mai horarwa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka karɓa. Yi lissafi: 200 a raba da 170, nauyin da ke kan kowane murabba'i bai kai fam 1.2 ba. A kan 135 kuwa ya kusa 1.5. Ƙungiyar masu tsalle da laima ta Amurka, USPA, 1.2 take ba mai lasisin C shawarar kada ya wuce, kuma laimar da ba ta wuce 150 ba ta ƙwararru ake ɗaukarta, ko mutum ba shi da nauyi, domin igiyoyinta gajeru ne, kana taɓa ta ta juya.

Abin da ya fi damuna shi ne kana so ka haɗa sabuwar laima da sabon salon sauka lokaci guda. Da 170 ɗin nan za ka koya. Nemi a sauke ka kai kaɗai, ka buɗe laima da wuri, ka ja maɗauran gaba biyu (waɗanda ke haɗa igiyoyin gaban laima da kafaɗunka) tare, ka saki, ka duba na'urar auna tsayi ka ga ƙafa nawa ka ci kafin ta daidaita da kanta. Maimaita har adadin ya zauna maka a kai. Sai ka fara gwada shi a sauka miƙe, babu juyi. Juyin digiri 90 sai daga baya, da mai horarwa a ƙasa yana ɗaukarka bidiyo. Zancen juyin digiri 270 ajiye shi tukuna.

Wani tsohon hannu: Malama ta gama magana. Ƙarina ɗaya: in ka fara juyi ka ga ƙasa tana taso maka, manta da kwalliya. Saki maɗaurin, daidaita laimar bisa kanka, ja igiyoyin birkin laimar biyu nan take, ka shirya mirginawa. Mutane da yawa laimarsu lafiya lau ta buɗe, juyi kusa da ƙasa ne ya karya su. Kuma ranar zafi ko a fili mai tudu iska ba ta da kauri, laimar za ta ci tsayi fiye da yadda ka saba.

Wani ɗan zauren: Ni dai roƙona, ku masu gudu ku riƙa duba ƙasa da ku. Akwai ɗalibai a sararin. In akwai cunkoso, a fasa. Shi ya sa filaye da dama suke ware muku wajen sauka daban.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To Malama, yaushe zan san na isa rage girman laimar?

Mai horarwa: Ranar da kake iya sauka inda ka nufa babu iska, ka sauka iska na bugunka ta gefe, ka yi juyi cikin birki ba tare da ka nutse ba, ka kuma sauka da maɗauran baya. Ko a lokacin, 150 za ka koma, ba 135 ba, kuma sai ka wuce matakin lasisin C.