Wace kalma za mu ba "workbench" a Hausa?

Wani ƙanena da ke koyon kanikanci ya nemi in taya shi rubuta bayanin yadda ake haɗa abin da Turawa ke kira "workbench" a gareji, kuma tun a layin farko muka cije, domin ba mu san sunan da za mu ba shi ba.

Bari in fara siffanta abin, saboda suna yakan biyo aiki. Tebur ne mai nauyi wanda tsayinsa ya kai kimanin santimita 90, yadda mutum zai yi aiki a tsaye ba tare da ya sunkuya ba. Ƙafafunsa na katako mai kauri ne ko ƙarfen da aka yi wa walda, kuma ana lulluɓe samansa da farantin ƙarfe, domin katako yana shan baƙin mai da giris. A kusurwa ɗaya, daidai kan ƙafa, ake ɗaure ƙarfen da ke matse abin da ake gogewa ko yankewa, ta yadda dukan guduma zai sauka ƙasa kai tsaye. Ana kuma yi masa ɗan baki a baya don kada noti ya gangara ya ɓace. Duk wanda ya taɓa ganin an baje fistin da zobbansa a kan kwali a ƙasa, iska na watsa musu yashi, ya san amfaninsa.

Ƙanen nawa ya ce "bencin aiki". Ban yarda ba, domin benci a wurin Bahaushe abin zama ne, irin wanda ake jerawa a gaban mai shayi.

Daga nan muka gwada ƙirar da harshen ya tanada don wurin sana'a, wadda ta ba mu maƙera, majema, marina da masaƙa. Sai dai duk ƙofar da muka ƙwanƙwasa mun tarar da mai gida a ciki: "ma'aikata" ta zama ta gwamnati da masana'antu, "mahaɗa" ta hanyoyi ce, kuma idan aka ɗauko kwancewa, kunne zai ji makwanci. Ban da haka, waɗannan kalmomi suna nufin wurin sana'ar gaba ɗaya, alhali mu kaya ɗaya muke nema wa suna.

"Teburin aiki" ya kusa, amma ma'aikacin ofis ya riga ya mallake shi. "Teburin makaniki" kuwa ya bar mai gyaran janareto da mai gyaran famfon ban ruwa a waje.

Saboda haka na tsaya a kan "teburin gyara", jam'insa "teburan gyara". Na gwada shi a bakin maigida yana umartar yaronsa: "Ɗora kan injin nan a teburin gyara, ka kawo sifana mai lamba 17." Jimlar ta fita ba tare da tuntuɓe ba, kuma da wannan sunan muka ci gaba da rubutun. Idan akwai wanda ya ji makanikan Kano, Zariya ko Maraɗi suna kiransa da wani suna dabam, ina roƙon ya faɗa mana.